Lafiya Lau, Oba

Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ni bana ban ji daɗinta ba, barar da nake tunowa kuwa ta ninka ta ɗaci. Sai dai a ce maɗaci ne ya tuna da ɗan'uwansa.

Azumin bana a tsakiyar bazara ya same mu. Zafin da ake yi a Tarauni, in ka manta sifana a rana ka tafi alwala, kafin ka dawo ta yi laushi kamar nakiya. Shekaranjiya da hantsi ina kishingiɗe a rumfar garejina ina fifita da kwali, sai ga shugaban 'yan sintirin Unguwar Gano da mutanensa sun turo wata tsohuwar bas. Turowa fa nake nufi, da hannu da kafaɗa. Wai so suke in ɗaura musu oba-oba, rediyon nan da ake danna maɓalli a yi magana, a saki a saurara.

"Malam Sabi'u, so muke ta yi nisa," in ji shugaban. "In mun yi magana a nan, a ji mu har Babban Giji."

Na leƙa batirin. Kawunansa sun yi furfura fara fat, sun fi nawa.

Na ce, "Yallaɓai, wannan batirin ko agogon hannu ba zai tayar ba. Ku sayo wani tukuna."

"Haba Malam, magana ce fa kawai za mu riƙa yi. Magana tana cin wuta ne?"

Na sallame shi da dariya, na ce ba batir ba aiki. Amma da suka tura abarsu suka tafi, sai dariyar ta tsaya min a wuya. Magana tana cin wuta mana. Ni na ga ranar da gaisuwa kaɗai ta shanye batir, ta shanye mota guda ta ƙanƙara, ta haɗa da aikin wani dattijo da ɗakin da yake kwana.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, azumi ya faɗo a irin wannan lokaci. Ina sabon ango, da suma a kaina, cikina bai fara riga ni shiga ɗaki ba kamar yanzu. Ni ne bakaniken Alhaji Mamuda Mai Ƙanƙara, wanda yake da injin yin ƙanƙara a Gyadi-Gyadi. Gyadi-Gyadin lokacin ba wannan ba ce da nas-nas da ɗalibai da 'yan a-daidaita suka cika. In ka tsaya a ƙofar kamfanin, gonaki kake hangowa da kukoki. Motoci biyu gare mu na rabon kaya: wata bas da Ɗanliti yake ja, da wata a-kori-kura da Baba Haladu yake ja.

A-kori-kurar nan ina zargin ita ta kwaso ƙasar da aka tara ta zama Dala. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. A ƙasan direba akwai rami, kana tafiya kana gaisawa da kwalta. Hon ɗinta kamar tunkiya mai mura. Amma Baba Haladu Amarya yake ce mata, kuma kullum da safe sai ya bi ta da tsumma ya goge. Ya san tarinta, ya san atishawarta. In ya ce min, "Sabi'u, yau Amarya ta tashi da nauyin ƙirji," ba sai na yi bincike ba, kafireto zan kwance.

Dattijo ne dogo siriri, mutumin wani ƙauye a gabashin Kano. Ya girmi Alhaji nesa ba kusa ba, amma in Alhaji ya kira shi Haladu gatsal, sai ya cire takalmi ya rusuna. 'Ya'yansa mata ne, sun yi aure sun watse. Gonarsa ta gado 'yan'uwa sun daɗe da rabewa. Shi da matarsa Inna Rabi suna zaune a wani ɗaki a bayan kamfanin, jikin ɗakin janareta, wanda Alhaji ya ba shi tare da aikin. Wato makullin motar nan shi ne makullin ɗakin.

Bazarar shekarar ba ta zo da wasa ba. Rana da fushinta take fitowa tun ba a gama lazimi ba. Iska in ta kaɗo, kamar an buɗe maka murfin tukunyar tuwo a fuska. Ƙadangaru a kan katanga sai su ɗaga ƙafa ɗaya su sauke, su ɗaga ɗayar, kamar masu koyon rawa. Lantarki ya yi ƙaura ba sallama. Famfo in ka murɗa, tsaki yake maka. Rijiyoyin unguwa sun ja baya, guga sai ya dawo da laka da kwaɗo mai neman agaji. 'Yan garuwa suka zama manyan mutane, sai ka bi su da kirari kafin su waiwayo. A kan wannan duka aka ɗora mana wahalar fetur. Mutum ya shiga layin mai da baƙin saje, ya fito jikokinsa suna masa sannu da zuwa.

Kwananmu a tsakar gida yake, a kan tabarmar da aka yayyafa wa ruwa. Da sahur matata Hadiza ta ɗumama tuwon jiya da miyar kuka, mu kora da ruwan randa da ya kwana da zafi kamar shayi. Ana idar da asuba sai kamfani. A shimfiɗa dusar katako a bayan mota, a jera ƙanƙara, kowace kamar akwatin lefe, a ƙara dusa, a lulluɓe da buhunan algarara. Sannan a zo babban aiki, turin Amarya. Ba ta tashi da makulli, sai an lallaɓa ta. Ma'aikata, maigadi, har mai shayin ƙofar kamfani da azumi ya mayar da shi zauna-gari-banza, kowa sai ya sa kafaɗa. Baba Haladu ya sa giya ta biyu, mu ruga da ita, ya saki kuloci, ta yi tari, ta yi atishawa, ta feso mana baƙin hayaƙi a matsayin tukuici.

Daga nan sai rabo. Tarauni, Unguwa Uku, Babban Giji, duk inda muka tsaya mutane sun yi cirko-cirko da kuloli da kwanuka. Yanzu kowane lungu akwai mai firiza da sola, ƙanƙara ta zama abin da yara suke jifa da shi. A lokacin kuwa wanda ya shiga gida da ƙanƙara kamar dunƙulen hannu, matarsa har ƙasa take gaishe shi. Ɓarɓashin da yake zubewa a wurin lodi Inna Rabi take tsincewa, ta wanke dusar, ta adana a wata tsohuwar kula. Dab da magariba sai ta bi maƙwabta, kowace mace ta jefa mata ɗan guntu a zoɓonta ko kununta. Mu kuma mu sha ruwa a ƙofar ɗakinsu, kunun tsamiya da ƙosai, janareta yana girgiza mana haƙora.

Tsakanin lodi da shan ruwa kuwa, ni a ƙarƙashin mota nake. Man da muke samu na 'yan bumburutu ne, wanda rabinsa kalanzir, sauran kuma Allah kaɗai ya san asalinsa. Kafireto ya toshe, in kwance in busa. Tiyon mai ya sha iska, in sa baki in zuƙo, ga azumi a bakina. Har sai da na je wurin limamin masallacinmu.

"Allah gafarta Malam, wanda ya zuƙi fetur da azumi fa?"

"In bai wuce maƙogwaro ba, azuminsa yana nan."

"Malam, ai fetur ba ya neman izini."

"To ka tofar, ka yi istigfari, ka daina hura min shi a fuska."

Tanki ya tsage, mu liƙe da sabulu. Lagireto ya yi yoyo, mu fasa masa ɗanyen ƙwai, ƙwan da mu kanmu ba mu samu mun ci ba. Famfon mai ya ɗau zafi ya ƙi ja, mu naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kamar mai ciwon kai. Fiyus ya ƙone, mu naɗa masa farar takardar cikin kwalin taba. Duk wannan dabara ce, kuma dabara tana da iyaka. Babbar cutar Amarya altaneta ce, abin da yake cika batir in inji yana aiki. Gawayin cikinta ya cinye, batir ba ya samun abin kirki. Kwayil ɗin ma, wanda yake tura wuta zuwa filogi, in ya ɗau zafi sai ya yi yaji. Na je wa Alhaji da maganar har ƙafafuna suka san hanyar ofishinsa da kansu.

"Bayan sallah," in ji shi.

Komai na Alhaji bayan sallah ne. In ka ce masa gemunsa ya kama da wuta, zai ce a bari sai bayan sallah.

Amma oba-oba bai jira sallah ba. A gwanjon wani kamfanin gina hanya da ya rushe ya sayo su, don ya ji labarin direbobi suna ɗaukar fasinja a hanya. Lokacin ba wayar hannu, mota in ta fita sai Allah. Babbar muka girka ta a ofishinsa, muka kafa doguwar eriya a kan rufi da bututun ruwa. Ƙananan na ɗaura a motoci. Na huda rufin Amarya, na kankare tsatsa sai da ƙarfe ya yi fari don eriya ta kama jiki, na ja waya kai tsaye daga batir. Na kuma gaya wa kowa halinta: in tana saurare, lasar wuta take yi, in ka danna maɓalli ka yi magana, kwankwaɗa take. Duk wanda ya gama zancensa sai ya ce "oba" ya saki, ɗayan ya karɓa.

Ranar gwaji na danna daga Unguwa Uku na ce, "Kana ji na? Oba."

Da na dawo na tarar da Alhaji ya cika ya yi fam, ga baƙi a ofishinsa.

"Kai Sabi'u, wane ne kana ji na? Ni sa'anka ne? A gidanku haka ake shiga wa mutane, ba sallama ba gaisuwa, kamar akuya?"

"Alhaji, batir ne ba ya..."

"Batir ya fi sallama? Daga yau kada hannunka ya sake taɓa abin nan. Haladu ne zai riƙa magana, shi ya san girman mutane."

Haka aka yi. Baba Haladu in zai yi magana a oba-oba, sai ya gyara hula, ya ɗan rusuna wa sitiyari.

A makon farko na azumin Amarya ta mace mana a Babban Giji, rabin kaya ya narke kafin in shawo kanta. Ranar Alhaji ya tara mu a tsakar kamfani, ya nuna sama da ɗan yatsa.

"Wallahi tallahi, in aka sake narkar min da kaya, motar nan ta tafi, direbanta ya bi ta."

Baba Haladu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Inna Rabi tana bakin ƙofarta tana tankaɗe, ta ji komai. Tun daga ranar, duk inda Amarya za ta, ina gefen Baba da akwatin sifanuna a kan cinya.

Muka lallaɓa har goman ƙarshe. Sai wani dillali a wata kasuwar ƙauye, can kudu da gari, ya aiko yana son mota guda cur. Aka yi mana lodi har Amarya ta zauna a kan gindinta. Muka bar kwalta muka hau burji, hanya ba kowa, don ba mai man da zai ƙona a wannan daji. Gonaki sun bushe ƙayau, ba ganye sai ƙaya. Can gabas hadari ya ɗan haɗo ya yi baƙi, irin na bazara mai yaudara, ya kalle mu ya watse.

Rana tana kusa da tsaka Amarya ta fara shaƙewa. Na taɓa kwayil, ya kusa cire min fatar hannu. Na ɓanto ƙanƙara na ɗaure masa da tsumma, muka tura mu biyu a gangare, ta tashi. Muka ɗan taɓa tafiya ta sake mutuwa. Na sake ɗaura masa, ta sake tashi. A karo na gaba sai na ji ƙaurin ƙuna, baƙin mai yana tsiyaya daga gindinsa. Na cire wayar filogi na kara a jikin inji, Baba ya tura motar shi kaɗai, ko ƙyallin ashana babu. Kwayil ya riga mu gidan gaskiya.

Abin ba wuya. Akwai wani kwayil a kabad ɗin Alhaji, ga bas ɗin Ɗanliti a gari. Ya kawo mana shi, ko ya kwashe kayan, kafin azahar an gama. Na kunna oba-oba, 'yar fitilarta ta kawo ja, amma ja irin na idon mai zazzaɓi.

Na ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Wutar da ta rage ba ta fi ta numfashi biyu ba. Kana dannawa ka ce, mun lalace a hanyar burji, a turo Ɗanliti da kwayil. Shi ke nan. Gaisuwa in mun koma ma yi masa har da ta baɗi."

"To, ɗana," in ji shi. Ya gyara hula. Da na ga ya gyara hular nan gabana ya faɗi.

"Assalamu alaikum. Oba."

Rediyo ta yi ƙara, can sai ga muryar Alhaji. "Wa alaikumus salam. Haladu ne? Oba."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Barka da rana. Oba."

"Barka kadai. Ya ibada? Oba."

"Alhamdulillahi. Ya iyali, ya jikin Hajiya? Oba."

Duk dannawar da ya yi, fitilar sai ta dusashe. Ina raɗa masa, "Baba, kwayil! Ka ce kwayil!" Ya ɗaga min hannu, irin yadda ake yi wa yaro in manya suna magana. In fizge abu daga hannun sa'an ubana? Hannuna ya je ya dawo.

"Da sauƙi," in ji Alhaji. "Ya hanya? Lafiya dai ko? Oba."

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Oba."

"Madalla. Oba."

Baba ya ja numfashi, ya danna. "Dama, ranka ya daɗe..."

Fitilar ta mutu.

Ya saki, ta ɗan farfaɗo. Ya danna, ta mutu. Na kankare kawunan batir da wuƙa, na ɗaure su tamau, na bar shi ya huta, na roƙe shi da girman iyayensa. A banza. Abin takaicin ma, kunnenta bai mutu ba, bakinta ne kawai. Muna zaune muka ji Alhaji raɗau yana kiran bas.

"Ɗanliti, su Haladu yanzu muka gaisa, lafiya lau suke. Kai tunda ka gama rabo, ka wuce ka shiga layin mai. Kada ka fito sai ka cika tanki. Oba."

Na yi ihu a cikin abin nan har muryata ta dishe. Baba Haladu ya rataye makirfon a mazauninsa a hankali, ya sauka, ya zagaya baya ya tsaya yana kallon kaya.

Ƙanƙara ta fara kuka. Da farko ɗis, ɗis, daga kusurwa ɗaya. Kafin azahar ta ko'ina take zuba, ruwa mai sanyi garai-garai yana bin ƙarfe yana faɗawa cikin yashi, yashin yana shanyewa ko godiya babu. Ku kwatanta: harshena ya zama kamar tsohon fanbel, leɓena ya tsage, ga kogi yana zuba a kan yatsun ƙafata, kuma ba halin in lasa. Shaiɗan dai an ce a ɗaure yake da azumi, amma ranar na rantse an ba shi beli.

Muka yi alwala da ruwan da yake tsiyaya, muka yi azahar a ɗan inuwar mota. Na ce zan taka in nemo taimako.

"Je ka, ɗana. Ni ba zan bar amana ba. Wataƙila ma Alhaji ya ji shirun ya yi yawa ya gane."

Tafiyar nan ba zan bayar da labarinta duka ba, don ba za ku yarda ba. Takalmina na roba ya narke ya zama ɗaya da tafin ƙafata. Na samu wani mai keke ya ɗan rage min hanya, na samu mai amalanken shanu, shanun ma da alama azumi suke. Da na hau kwalta na tsaya ina ɗaga hannu, motar da ta zo a cike take har kan but. La'asar ta yi sakaliya kafin in shiga Gyadi-Gyadi. Alhaji ya tafi tafsiri. Bas tana tsakiyar layin mai, mota gaba, mota baya, mota hagu da dama, ko tsuntsu sai ya yi dabara kafin ya fita. Sai da muka bi direbobi ɗaya bayan ɗaya muna roƙo, wasu suna zaginmu, aka buɗa mana. Maigadi ya ɓalle kabad ya ba ni kwayil.

Rana tana shirin faɗuwa muka isa. Tun daga nesa na ga Amarya ta miƙe tsaye, nauyi ya sauka. Ƙasan ta ya zama taɓo. Matan wata ruga da ke kusa sun jera ƙore a ƙarƙashi suna tarar ɗigo. Baba Haladu yana zaune a gefe daga shi sai 'yar shara. Babbar rigarsa da rawaninsa da tabarmar sallarsa duk ya lulluɓa wa kayan. Na ɗaga buhu. Akwatunan lefen nan sun koma kamar sabulun wanka da aka daɗe ana amfani da shi, suna iyo a cikin dusa.

Ɗanliti ya ce, "Baba, ai da ka sayar wa mutanen nan, ko ka raba musu ka samu lada."

"Ba tawa ba ce."

Da rana ta faɗi, ni da Ɗanliti muka dira a kan abin da ya rage kamar kuraye. Na tauna ƙanƙara har haƙorana suka yi ƙara. Baba ya ɗauko butarsa da ta wuni a rana, ya yi bismilla, ya sha ruwan da zai iya dafa ƙwai. Na miƙa masa guntu, ya girgiza kai. Ban taɓa jin haushin mutumin kirki irin na ranar ba.

Washegari Alhaji ya kira mu ofis. Oba-obarsa tana kan tebur tana ƙyalli.

"Haladu, na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaya, ranka ya daɗe."

"Me ka ce min?"

"Lafiya lau na ce."

"To ni boka ne?"

Na kasa haƙuri. "Alhaji, ai gaisuwa ce! Bahaushe ko kura ce ta kama shi, in ka ce masa lafiya, daga cikin bakinta zai ce maka lafiya lau. Kuma kai ka ce a riƙa gaishe ka. Da an sayi altaneta tun..."

"Da kai nake? Ka kiyaye ni, Sabi'u, ko ka bi shi."

Baba ya dafa gwiwata. "Yi shiru, ɗana. Kana da iyali."

Alhaji ya jingina da kujera. "Ni ba mugu ba ne, Haladu. Amma na rantse a gaban jama'a, da azumi a bakina. Ba zan yi kaffara a kan direba ba."

Kaffarar rantsuwa dai, kamar yadda malamai suka koya mana, ciyar da miskinai ce. Alhaji ya ga ya fi masa sauƙi ya ƙara biyu a kan waɗanda ake da su.

Liman ya je, mai unguwa ya je, Hadiza ma ta bi ta wurin Hajiya. Duk amsa ɗaya, rantsuwa. Amarya kuwa 'yan gwangwan aka kira. Kafin su zo Alhaji ya sa ni in cire oba-obar, don ita tana da amfani. Ina kwance eriya daga rufin, Baba yana tsaye da tsummansa a hannu. Motar da na sa wa kwayil ta taso da ƙafarta daga daji, ita suka zo da guduma da wutar walda suka yanka kamar saniyar sallah. Bayan sallar kuwa, Alhaji ya cika alkawari: ya sayo wata motar, da sabuwar altaneta, da batir mai kwali.

Ana saura 'yan kwanaki sallah suka tashi. Mutane suna kai ɗinki, mata suna suyar cincin, mu muna fito da kayan Inna Rabi. Ba su da yawa: akwatin ƙarfe, tabarmi, tukwane, turmi, da 'yar katifa da zafin janareta ya gasa. Ƙauye za su, wurin wani ƙanensa da ya ce zai ba su zaure. Ɗanliti ya ba ni bas in kai su tasha. Matan maƙwabta sun fito sun tsaya jugum. Inna Rabi ta shiga baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Tunda nake da ita ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban namiji ba.

Muna shirin fita sai ga motar Alhaji ta shigo. Ya tsaya daidai mu, ya sauke gilashi, sanyin cikinta ya bugo ni.

"Au, Haladu, yau ne tafiyar? To, Allah ya kiyaye hanya. A yafi juna, wata ne mai alfarma. Ba komai dai ko?"

Baba ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya cire takalmi a kan ƙasar nan mai ƙuna, ya rusuna.

"Ba komai, ranka ya daɗe."

Sai murya ta fito daga bayan bas, daga ƙarƙashin mayafi, ba ihu ba rawa.

"Da komai, Alhaji. Wallahi da komai."

Alhaji ya dube ni, ya dubi maigadi, ya dubi matan da suke tsaye. Ya ɗaga gilashinsa a hankali.

Baba ya sa takalminsa ya shigo, ya ja ƙofa. "Ja mu je, Sabi'u."

Na ja. Ban tsaya ba sai tashar Unguwa Uku.